Tabkin da Zato Ya Huda

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ya 'yan uwa, ku matso, na baya ku bar hira. Yau ba a kan ɓarawo zan yi magana ba, ba kuma a kan mashayi ba. Waɗannan kowa ya san su, su ma sun san kansu. Yau a kan cutar da mai ita yake ɗauka wayo ce zan yi magana.

An yi wani mutum a wani ƙauye tsakanin Bodinga da Shagari, idan ka saki titin mota ka bi hanyar jakuna wajen Horo Birni. Ba zan faɗi sunansa ba, domin jikokinsa suna raye kuma ba su yi wa kowa laifi ba. Abin ya faru zamanin mulkin farar hula na biyu, shekarun nan da aka fara da kiɗan siyasa aka ƙare da layin shinkafa da sabulu.

Mutumin nan yana salla a sahun gaba. Yana azumi, yana fitar da zakkar geronsa, bai taɓa ɗaukar allurar wani ba. Amma idan ka gaishe shi da fara'a, sai ya kwana yana tunanin me kake nema a wurinsa. Idan ka wuce ba ka gan shi ba, ya ce ƙulli ka yi masa. Kazarsa ta daina ƙwai, maƙwabci ne. Matarsa Hajjo ta ƙara mai a miya, to akwai abin da take ɓoyewa. A wurinsa babu abin da ke faruwa haka kawai, sai da hannun wani a bayansa.

Mahaifinsa ya rasu ya bar musu gona, shi da ƙanensa Mode. A cikin gonar akwai tabki, wanda kakansu ya haƙa. Ba babba ba ne, amma yana da albarka. Idan damina ta cika shi, yakan riƙe ruwa har kusan bazara. Da shi gidan ke ban ruwan albasa da rani, da albasar nan ake suturar yara, da ita ake cike gurbi idan gero ya gaza. Da aka raba gado, tabkin ya faɗa a rabon babban, shi kuma Mode ya samu gangaren da ke ƙasa da shi.

To, me ya sa tabkin nan ke riƙe ruwa, alhali ƙasar wurin rairayi ce? Ku saurara da kyau, domin a nan labarin yake.

Kowace shekara, idan ruwan farko ya sauka ya jiƙa gindin tabkin, mahaifinsu yakan ɗaura wa jakuna mangala, a kwaso baƙar laka daga fadama, a haɗa da ƙasar suri da kashin shanu, a baza a gindin da gefuna. Sannan ya aika wa amininsa Ummaru, wani makiyayi da ke da ruga a bayan gari. Ummaru ya koro shanunsa cikin caɓin nan, su yi ta zagaye suna takawa, kofato bisa kofato, har duk tsagar da rani ya yi ta rufe, gindin ya zama kamar daɓen ɗaki. Ladan shanun kuwa, su sha ruwa daga gefe guda duk rani, su ci kara bayan girbi. Haka uban Ummaru ya yi da kakansu. Babu takarda, babu shaida, amana ce kawai.

Mutumin namu tun yana yaro yake ganin wannan aiki. Amma abin da idonsa ya gani daban. Shi dai ya ga shanun wani suna shan ruwan ubansa kyauta. Yakan ce a ransa, Baba ya cika yarda da mutane.

Ranin farko bayan rasuwar, wani ɗan maraƙi ya kauce ya tattake fangalin albasa guda. Kafin ma mai gonar ya sani, Ummaru ya zo da kansa har ƙofar gida, dattijo da furfurarsa, riƙe da ƙwaryar nono, ya ce, "Ɗana, maraƙina ya yi maka ɓarna, na zo ba ka haƙuri."

Da ni ne ko kai, me za mu ce? Allah ya kiyaye gaba, a sha nono, a rabu lafiya. Shi kuwa sai ya ce a ransa, wanda ya zo ba da haƙuri tun ba a neme shi ba, akwai wani babban abin da yake rufewa. Nonon ma ya hana yara su sha, ya sa Hajjo ta zubar a bayan gida, wai bai san abin da aka barbaɗa a ciki ba. Washegari ya sari ƙaya ya kewaye tabkin kaf. Ya aika wa Ummaru cewa daga yau kada kofato ya sake taka gonarsa.

Ummaru ya juya shanunsa zuwa wata mashaya mai nisa.

Shekarar farko babu abin da ya faru, domin aikin magabata yana da ƙarfi. Mutumin ya riƙa yawo yana cewa, kun gani? Da ma ruwana suke shanyewa. Amma rani ya zo ya tsattsage gindin, damina ta zo babu wanda ya kai laka, babu kofaton da ya rufe tsaga. Aka sake wani rani, tsagar ta ƙara zurfi. Sai ruwa ya fara ja da baya tun albasa ba ta yi kai ba.

Ya kafa kara a bakin ruwa don ya riƙa aunawa. Kullum da safe sai ya tarar ruwan ya gudu ya bar karan a tsaye cikin laka. Ya zagaye shingen yana duba sawu. Babu sawun mutum, babu na dabba. Kuna tsammanin hankalinsa ya kwanta? Ina! Cewa ya yi, ɓarawon da ya iya share sawunsa ba baƙo ba ne, na gida ne.

Sai ya ɗaga kai ya dubi gangare. Ga albasar Mode can ta yi kore shar, ƙasarta da danshi, alhali Mode da rijiya 'yar ƙarama yake fama.

Ya 'yan uwa, ko yaron da ke wasa da kwata ya san ruwa gangare yake bi. Tabki na yoyo ta ƙasa, danshin na tsatsowa a gonar da ke ƙarƙashinsa, ina abin mamaki? Amma zuciyar da zato ya riga ya zauna a cikinta ba ta son amsa mai sauƙi. Ga shi kuma lokacin zaɓe ya ƙarato, Mode ya bi wata jam'iyya daban da ta yayansa, kamar yadda aka yi a gidaje da yawa. Shi ke nan, hujja ta zama biyu.

Mode da kansa ya hauro wata safiya, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Yaya, ruwan ga ba mutum ka shan shi ba, ƙasa ka shan shi. Gonata ta jiƙe inda ba ta taɓa jiƙewa ba. Mu kira gayya a kai laka, mu ba Baba Ummaru haƙuri shi kawo shanu su taka, awa yadda Baba ka yi. Jakina na nan, ni ma ina nan."

Ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Ashe kai da mai shanu bakinku guda. In ba kai ka janye ruwan ba, ƙaƙa anka yi ka san inda yaka bi?"

Kun ji fa. Gaskiyar da aka kawo masa har gida, ita ya mayar shaidar laifi. Gayyar ma ya ce ba ya so, wai cikin ƙafafu masu yawa ba za a rasa wanda zai binne masa wani abu ba.

Ya ce shi kaɗai zai gyara. Ya sayar da jakinsa, a lokacin da siminti ya zama sai wane da wane, ya samo ɗan abin da ya samu ya shafe gefen tabkin da ke kallon gonar Mode. Rana ta buge shi, ƙasa ta motsa, simintin ya fashe ya ɓare. Bai ce aikina ne bai yi ba. Ya ce da hannun mutum.

Daga nan ya tafi inda masu irin wannan zuciya ke ƙarewa. Ya ja ragonsa zuwa wurin wani boka mai zane a ƙasa, a wata kasuwa. Bokan nan, Allah wadaran sana'arsa, bai san tabki ba, bai san laka ba, amma ya san fuskar mutane. Tambaya ɗaya ya yi masa: akwai wanda zuciyarka ba ta kwanta da shi ba? Mutumin ya zazzage masa komai. Boka ya share ƙasa, ya zana, ya girgiza kai, ya mayar masa da maganarsa a nannaɗe. Ya ce jininka ne, ya binne maka ƙaho a tsakiyar tabki, in ba ka tono shi ba, ruwa ba zai sake kwana a wurin ba.

Ya ba da rago don a sayar masa da abin da shi ya kawo. Kuma ya koma gida yana murna!

Da bazara, tabki ya bushe ƙaf, ya ɗauki diga da shebur ya shiga. Hajjo ta bi shi har bakin shinge tana roƙo, "Malam, don Allah ka bar gindin tabkin ga. Tun da anka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin an sa mishi ƙarfe ba." Ya ce ta koma gida, in ba ita ma da saninta ba.

Ya sara. Baƙar laka ce mai tauri, kaurinta ya kai kamu, wadda shanun Ummaru da na ubansa suka danne shekara da shekaru. Da ƙyar diga ke shigarta, shi kuwa yana ta haƙilo yana cewa taurin ma na asiri ne. Ya huda ta ya faɗa jar ƙasa. Ya wuce jar ƙasa ya faɗa farin rairayi mai laushi. Bai ga komai ba. Ya matsa gaba ya sake wani rami. Ya koma gefe ya sake wani. Ya mayar da gindin tabkin ubansa kamar rariya.

Kuma ya samu ƙahon. E, ya samu! A wani rami can tsakiya digarsa ta tono wani tsohon guntun ƙaho, cike da laka, duk ya zaizaye.

Ku gaya mini, wurin da shanu suka yi zamani biyu suna turereniya suna karo da juna, me za a tono a cikinsa? Goro? Amma wanda ya fita neman hujja a kan ɗan'uwansa, Shaiɗan ba ya barinsa ya dawo hannu sake.

Ya ɗauki ƙahon ko wanke ƙafa bai yi ba, sai ƙofar maigari. Ya tara jama'a, ya ɗaga shi sama, ya ce ga abin da Mode ya binne masa. Ya ce sai Mode ya rantse da Alƙur'ani. Mode ya yi alwala, ya dafa, ya rantse, hawaye na zuba a gemunsa. Sai yayan ya ce, wanda ya iya binne ƙaho, rantsuwa wuya za ta yi masa?

Mahaifiyarsu, Inna, tsohuwa ce da ba ta cika fita ba. Ranar ta dogara sanda ta zo har cikin taron. Ta karɓi ƙahon ta juya shi, ta ce, "Kai, ɗan nan, ƙaho nawa shanu sunka bari cikin tabkin ga tun zamanin kakanka? Wanga ya girmi Mode. Ka ji tsoron Allah, ka ba ƙanenka haƙuri."

Ya dubi uwar da ta haife shi, a gaban maigari da dattawa, ya ce, "Da ma tun muna ƙanana shi kinka fi so."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wallahi duk sanda na kawo nan a labarin nan sai jikina ya yi sanyi.

Mode bai iya zama a garin da aka kira shi mai asiri ba. Ya kwashe iyalinsa ya koma Kajiji wurin surukansa, ya bar gonarsa haka nan. Inna ta ɗaure ɗan ƙunshinta ta bi shi. Mutumin kuwa ya mayar da rairayin da ya tono cikin ramuka, ya tattaka da ƙafarsa, ya ce yanzu an gama.

Daminar shekarar nan da yawanku kun tuna ta. Gero ya fara fitar da kai, ruwa ya ɗauke. Aka yi ta kallon sama, aka fita roƙon ruwa, gero ya ƙone a tsaye. A gidan mutumin nan abin da aka girba bai rufe gindin rumbu ba. Ya zama babu abin da ya rage tsakanin yaransa da yunwa sai albasar rani, albasa kuma sai da tabki.

Can a ƙarshe, bayan an fid da rai, Allah ya saukar da ruwa guda mai ƙarfi. Bai ceci gero ba, amma ya cika kowane kwari. Tabkin ya cika har baki. Mutumin ya tsaya a gefe yana dariya, yana kiran masu wucewa: ku zo ku gani, an cire ƙaho, an kori mai ƙaho! Ya kwashi ɗan hatsin da ya rage ya musanya da dashen albasa, ya ja fangali ya dasa, shi da Hajjo da yara.

Ana cikin haka sai ga Ladan, mai kiran sallar wani masallaci a Kajiji, ya zo a kan keke, gumi sharkaf. Ya ce Inna na kwance, jiki ya yi tsanani, sunansa take ta kira.

Mutumin ya ce, "Wa ya aiko ka?"

Ladan ya ce, "Mode."

Ya gyaɗa kai, ya yi ɗan murmushin nan na wanda ya gano dabara. Ya ce, "Sai yanzu da tabki ya cika? Ka ce musu na gane. In tashi, a zagayo a sake binne wani." Ladan ya rantse masa, ya yi masa nasiha, ya gaji ya hau kekensa.

Mutumin kuwa ya ɗauki sanda ya zauna a bakin ruwa yana gadi. Babu wanda ya zo. Babu Mode, babu Ummaru, babu ko akuya. Shinge na nan yadda yake. Amma ruwan na sauka, kuma ba irin saukar da ba, wannan karon a kan idonsa. Ya ga kumfa na tasowa nan da can, wuri-wuri, ya duba da kyau. Kowane wuri ya san shi, domin shi ya haƙa. A tsakiya, daidai inda ya tono ƙahon, ruwa na juyawa a hankali yana jan ɗan ganye zuwa ƙasa.

Ya shiga har ƙugu yana cusa tsumma da ciyawa da duwatsu. Ya toshe nan, can ya buɗe. Kafin dashen albasa ya kama ƙasa, tabkin ya koma caɓi. Gonar Mode da ke gangare, wadda babu kowa a cikinta, ta yi kore shar da ciyawa.

Yana zaune cikin caɓin nan Ladan ya dawo. Wannan karon bai sauka da sauri ba. Ya jingine keken, ya ce, "Sai haƙuri. An rufe Inna jiya. Ta bar maka saƙo. Ta ce a ce maka ta yafe, kuma ka kira shanu."

A ranar ya taka zuwa rugar Ummaru, karo na farko tun da ya sari ƙaya. Ya tarar ana ɗaure kaya a kan takarkari, za a yi kudu neman ciyawa, shanu duk ƙashi a waje. Dattijon bai tuna masa nono ba, bai tuna masa shinge ba. Ya bi shi har tabkin. Ya soka sandarsa a ɗaya daga cikin ramukan, ta shige ba tare da ta tokari komai ba.

Ya zaro sandar, ya ce, "Ɗana, laka shanu ka takawa. Nan babu laka, ka fidda ta. Sai an sake kawo ta, jaki bayan jaki, da hannun mutane masu yawa, shekara bayan shekara. Ni kau gobe ina hanya."

Hannun mutane masu yawa. Wa zai kira? Wane gida ne a garin nan bai taɓa jifa da zargi ba? Ya kira gayya, babu wanda ya ce ba zai zo ba, babu kuma wanda ya zo. Kowa na tsoron ya taka gonar a ce ya binne wani abu. Albasa ta bushe a fangali. Hajjo ta kai yara gidan iyayenta don su samu abin sawa a baki. Shi kuma ya fita cin rani, bai sake yin damina a garin ba. Tabkin yana nan har yau, rami ne kawai, ko an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya ba ya kwana.

Ya 'yan uwa, wa ya huda tabkin nan? Ba Mode ba, ba Ummaru ba, ba ƙaho ba. Tsaga ce ƙarama ta rani, wadda jakuna da shanu da haƙuri za su rufe a wuni guda. Zato ne ya kori shanun, zato ya hana gayya, zato ya kai shi gaban boka, zato ya ba shi diga. Zato ne ya zaunar da shi gadin ruwa uwarsa na kiran sunansa.

Allah ya hane mu da yawan zato, ya hane mu da bin diddigin juna, ya hane mu da zuwa wurin masu duba. Ba don ya takura mu ba ne, don gidajenmu su zauna ne. Idan abu ya lalace maka, ka fara duba ƙasa kafin ka dubi fuskar ɗan'uwanka. Idan zuciyarka ta ƙi kwanciya da wani, taka ka same shi ku yi magana da rana tsaka. Idan wanda ya girme ka ya ce bari, ka bari.

Kuma tun ɗazu ina kallonku. Na ga wasu na taɓa juna, na ga wasu na satar kallon na kusa da su, kuna lissafin ko kakan wane ne, ko da wa Malam yake. To ga cutar nan, ba ta ma bari mun tashi ba. Da kai nake. Da ni nake.

Allah ya wanke zukatanmu daga mummunan zato. Allah ya bar mu da 'yan uwanmu, ya sa mu amsa kiran iyayenmu tun suna iya kira. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya riƙe mana ruwanmu da amanarmu. Allah ya kiyaye mu, mu da zuriyarmu. Amin.